Sulken Auduga: Tarihin Lifidi a Ƙasar Katagum

A farkon watan Janairu na 1824 Sarkin Katagum Ɗan Kauwa ya yi baƙi, Turawa biyu da suka biyo ayarin fatake daga Kukawa za su Kano. Ɗaya likita ne, Walter Oudney, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, har ya cika a Murmur ran 12 ga watan, jim kaɗan bayan sun bar garin. Ɗayan kuwa, Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa ne mai rubuta duk abin da idonsa ya gani. Shi ya bar labarin ranar da sarki ya so ganin aikin bindigarsa. Aka kafa abin bara can nesa, taku sittin ko saba'in. Baƙo ya saita ya harba, ya samu. Ya sake, ya kuma samu. Sarki ya nemi tsarin Allah daga shaiɗanu, sannan ya ɗauko riga ta alfarma ya yafa wa maharbin da hannunsa.

Ba a ranar ne Ɗan Kauwa ya fara jin ƙarar bindiga ba. Tun zamanin Mai Idris Alooma, cikin ƙarni na 16, Barno ke da 'yan bindiga, kuma Katagum maƙwabciyar Barno ce ta ƙut da ƙut. Sai dai bindigar da aka saba da ita a lokacin ta fi ƙarfi wajen tsawa da hayaƙi, ɗurinta da jan lokaci, samunta kuma sai an dace. Wannan ta baƙo kuwa inda aka nuna ta nan take zuwa. Mai kallon kuma sarki ne wanda manyan mahayan zamaninsa suka rataya rayukansu a kan abu uku: auduga, allura da zare. Sunan abin lifidi.

Lifidi tufa ce mai hawa uku. Akwai ƙyallen sama, akwai shafi daga ciki, a tsakaninsu kuma an cusa auduga ko audugar rimi, aka bi da ɗinki layi bayan layi don kada cikon ya motsa. Ana yi wa mahayi, ana yi wa doki. Na mahayi ya haɗa da safa mai rufe ƙirji da baya, da bantan lifidi mai kare ciki da cinyoyi, sai kwalkwali a ka, sau da yawa da gashin jimina a tsaye bisansa. Mai hali yakan haɗa da sulke na ƙarfe. Na doki kuwa yana lulluɓe wuya da ƙirji da kuturi, ya sauko kusan gwiwa, har in an hango dabbar daga nesa sai a ga kamar ɗaki ne ke tafiya da ƙafa huɗu.

Ita kanta kalmar matafiyiya ce. Asalinta Larabci ne, daga sunan shimfiɗar gashi mai kauri da Larabawa ke sa wa doki ƙarƙashin sirdi, ta bi ta bakin Barebari kafin ta zauna a na Hausawa. Ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba: sirdi da linzami da likkafa duk 'yan gida ɗaya ne, daga Larabci suka fito. Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano, bayan ya sha asarar mutane a yaƙinsa da mutanen Umbatu. Ke nan lifidi ya girmi garin Katagum na Fulani da shekara ɗari huɗu. Kuma hanyar da ke haɗa Barno da Kano, wadda dawaki da kanwa da kalmomi ke bi su shigo yamma, ta wannan ƙasa ta Shira da Tashena da Auyo ta ratsa.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya haɗe yawancin wannan yanki a farkon ƙarni na 19. Ya kai yaƙi har Birnin Ngazargamu, fadar sarakunan Barno, ya shige ta, abin da ya sa gidansa ya gaji laƙabin Sarkin Barno. Ya kafa garin Katagum a bakin kogi, ya rasu a 1814. Shekara goma bayan haka Clapperton ya tarar da gari mai ganuwa biyu, kowace tsawonta ƙafa ashirin, da ƙofofi huɗu, da mutane dubu bakwai zuwa takwas. Ya ƙiyasta cewa ƙasar na iya fitar da dawaki 4,000 da dakaru 20,000. Ya kuma lura da wani abu da ya shafi masu zare: tun daga Barno saƙaƙƙen ƙyallen da ake kira gabaga ne kuɗin saye da sayarwa, sai a Katagum ya fara ganin wuri yana yawo a kasuwa. Wato garin yana daidai inda duniyar gabaga ta ƙare, ta wuri ta fara.

Zaman bakin iyaka ba ya barin doki ya yi ƙiba. A ƙarshen 1826 Shehu Muhammadu al-Kanemi ya taso da rundunar Barno ya nufi Kano, dole Ɗan Kauwa ya fice daga birninsa, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare su a Fake aka kora su gida. Daga wajajen 1850 Sarkin Haɗeja Buhari ya juya wa Sakkwato baya, ya hana maƙwabta sakat fiye da shekara goma, Katagum na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ta kudu ga Ningawa suna saukowa daga duwatsu, ta arewa maso gabas ga Badawa a cikin fadamarsu. Shi kansa Buharin da ya gagari rundunar Sarkin Musulmi, kibiyar Badawa ce ta zama ajalinsa a yaƙin Gogaram a 1863.

Kibiya kuwa ita ce dalilin lifidi. Kibiyar ƙasar nan siririya ce, kyauro ne da tsinin ƙarfe mai kunne, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, ba ta da nisan zango. Ƙarfinta yana cikin dafin da aka shafa mata, wanda akan dafa da 'ya'yan kwankwani, dafi mai tsayar da zuciya. Ba ta buƙatar huda ƙashi, ƙwarzane ya ishe ta. Saboda haka aikin lifidi ɗaya ne tak: ya riƙe tsinin nan kafin ya taɓa fata. Auduga mai kauri tana yin abin da fatar garkuwa ba ta yi, tana lotsawa ta shanye ƙarfin kibiyar, zaruruwanta su nannaɗe kunnen, sai a ga mahayi ya fito daga fagen fama kibau na reto a jikinsa kamar bushiya, shi kuwa ko gezau. Hikimar ba ta Hausawa da Barebari kaɗai ba ce. Sojojin Turai na tsakiyar zamani sun sa irin wannan riga ƙarƙashin sulke, mayaƙan Aztek na Meziko sun yi tasu da auduga, har Sifaniyawan da suka zo cinye su a ƙarni na 16 suka ga ta fi ƙarfensu dacewa da zafin ƙasar, suka kwaikwaya.

To, a nan ne zaɓin maɗinki ke zama maganar rai da mutuwa. Zaɓi na farko shi ne ciko. Audugar gona tana da nauyi, tana daddaƙewa ta yi tauri, amma in ta sha ruwa ko gumi nauyinta ya ninku. Audugar rimi sakayau take, ruwa ba ya kama ta da sauri, shi ya sa har Turawa suka daɗe suna cika rigar ceton masu nutsewa da ita. Aibinta biyu ne. Santsi gare ta, ba ta kaɗuwa a mazari, ba ta kuma zama wuri ɗaya sai an tsare ta. Sannan ba ta ga maciji da wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Zaɓi na biyu shi ne tsarin ɗinkin, kuma duk wanda ya taɓa kwana bisa tsohuwar katifar rimi ya san matsalar. In layukan ɗinki suka yi nisa da juna, cikon zai zurare ya taru a ƙasa, ya bar sama fayau, ƙyalle biyu kawai ba komai a tsakani. Katifa in ta yi haka, ciwon baya ne. Lifidi in ya yi haka a kan dokin da ke sukuwa, kafaɗa da saman ƙirji ne za su zama tsirara, daidai inda ɗan baka ke nema. In kuma aka matse layukan ƙwarai, tufar ta sandare kamar allo, mahayi ya kasa ɗaga hannu da mashi, doki ya kasa miƙa ƙafa. Akwai kuma wani sirrin da mai allura ya fi kowa sani: inda zare ya bi, nan ne lifidi ya fi siranta, domin ɗinki yana haɗe sama da ƙasa ya kori cikon gefe. Kowane layi riƙo ne, kowane layi kuma ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyar aikin biyu ce. Ko dai a shimfiɗa shafi a ƙasa, a baza ciko a kai daidai wa daida, a rufe da ƙyallen sama, a bi da basilla ana huda duka ukun tare, ko kuma a fara ɗinka ƙyallen biyu a bar dogayen ramuka kamar kunyoyin gona, sannan a riƙa tura ciko da sanda har kowane rami ya cika ya yi tim. Ɗinkin tsaye, layi kusa da layi, yana barin tufa ta naɗu ta bi jiki. Ɗinkin da ya gicciya ya fitar da gida-gida yana kulle ciko ta kowace fuska, ko takobi ya yanka gida ɗaya sauran ba za su zube ba. Wurin da ke lanƙwasa, kamar hammata da gaɓar ƙafar doki, yana son sassauci. Wurin da ke fuskantar abokin gaba yana son kauri. Maɗinki na auna wannan duka da ido da tafin hannu, ba tef ba alli na zamani.

Zaren ma ba a ɗaukarsa da ka. Aikin mata ne tun daga tushe: a gurje auduga da magurji a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka ta yi laushi, a zauna da mazari da ɗan alli a yatsa ana kaɗi. Abawa mai kauri ce amma murɗinta sako-sako, ta fi dacewa da saƙa da ado. Ɗinkin da zai riƙe nauyin ciko a kan doki mai gumi yana son zare mai murɗi sosai, a ninka shi biyu ko uku a sake murzawa a cinya. Allura kuwa maƙera na yi, amma fatake ma na kawowa. Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano a 1851, ya lissafa allurai daga Nuremberg da ruwan takuba daga Solingen cikin hajar da ke ƙetaro Sahara, ya kuma ƙiyasta darajar tufafin da Kano ke samarwa a shekara da wuri miliyan 300. Takobi da allurar da za ta ɗinka maganinsa, raƙumi ɗaya kan ɗauko su.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaƙi na rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, rafuka sun janye, hanya ta bushe. Lifidin da za a hau da shi bayan kaka sai an duba shi tun da sauran lokaci, a farke inda ciko ya kwanta a ƙara sabo, a bi ɗinkin da gumi ya cinye.

Sai launi. Nan ne ido ke samun rabonsa, amma shi ma ba don kwalliya kaɗai ba. Marina tana ba da shuɗi da baƙi daga baba, gwargwadon yawan tsomawa a karofi. Saiwar rawaya tana ba da launin da ya ci sunanta. In aka haɗa ta da shuɗi a sami kore. Ja mai ƙarfi kuwa, wanda ba ya kwaranyewa, yawanci baƙo ne: mulufi da alharini da ayarin Tarabulus da Gadamas ke saukewa a Kano. Don haka jan ƙyalle a jikin doki shela ce cewa ubangidan mahayin yana da hannu a kasuwar Sahara. Tsofaffin lifidan da suka tsira a gidajen tarihi sun nuna yadda ake tsimin irin wannan ƙyalle mai tsada: ana yanka shi ƙanana, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu, a jera ja kusa da fari, rawaya kusa da baƙi, a haɗe su su zama fuska ɗaya kafin a cusa ciko. Akwai irinsa a babban gidan tarihi na Landan, lifidin doki daga Sudan cike da audugar rimi, wanda ake dangantawa da yaƙin Omdurman na 1898. A cikin ƙurar fagen fama, inda fuska ke ɓoye ƙarƙashin kwalkwali, launi ne ke nuna wa dakaru inda manyansu suke, ya kuma nuna wa abokin gaba abin da ke tunkararsa.

Launin zare kuma jarrabawa ce ga mai aikin. Zaren da ya saje da ƙyalle yana rufa asiri, ko sukar allura ta karkace ba mai gani. Farin zare a kan baƙin rini kuwa ba ya ɓoye komai, kowace suka tana bayyana kamar rubutu a allo, wanda hannunsa ke rawa ba ya kusantarsa. Masu aikin babbar riga sun daɗe da sanin wannan. Su ne ke zaɓar zaren tsamiya, sirikin gida da ake samu daga saƙar tsutsar da ke cin ganyen tsamiya, su zuba aska biyu ko aska takwas a gefen aljihu, su kewaya tambari a ƙirji da baya, su kuma sa shafin alharini ta ciki inda ba ya fitowa sai mai riga ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa. Irin wannan riga ce sarakuna ke kyauta da ita, ita ke bin dawaki cikin gaisuwar da ake kaiwa Sakkwato, kuma daga cikin danginta ne Ɗan Kauwa ya zaro wadda ya yafa wa baƙonsa. Allurar da ke ƙawata sarki a zaure da wadda ke kare shi a daji, sana'a ɗaya ce ta rabu gida biyu.

Tsadar abin ta sa 'yan lifida ba su taɓa yawa ba. Yawancin mahaya marasa nauyi ne, masu kai hari su juyo. Lifidi sai sarki da manyan hakimai ke iya ɗinkawa, su ɗora wa amintattun bayinsu da barorinsu, su zaɓa musu ingarman da zai iya ɗaukar kayan cikin zafin rana. Su ke kewaye sarki, su ake turawa gaba su fasa sahu ko su matsa kusa da ganuwa inda ruwan kibau ya fi yawa. Har sarauta aka yi da sunan tufar a wasu fadoji, Lifidi, shugaban masu sa ta. Abokan gaba kuma sun san lagonsu: kibiya mai wuta, da rami, da duk abin da zai kayar da doki, domin ɗan lifidi in ya faɗi ba ya tashi da kansa.

Clapperton ya ga wannan da idonsa a tafiyarsa ta biyu. A watan Oktoba na 1826 yana cikin sansanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da aka kewaye Konya, birnin Gobirawa na wancan zamani. Ya ga 'yan lifida, 'yan ƙalilan cikin dubban mayaƙa, kowannensu sai da mutane suka tallafa kafin ya hau. Aka tura su bakin ganuwa. Kibau ba su yi musu komai ba. Amma a cikin birnin akwai mai bindiga, harsashinsa ya ratsa lifidin na gaba ya fito, mahayi ya faɗo tim. Abin da Ɗan Kauwa ya hango a filin bara shekara biyu da 'yan watanni kafin nan, ga shi ya faru a filin daga.

Duk da haka lifidi bai mutu ranar ba. Bindigogi sun yi ƙaranci, albarushi na da tsada, kuma maƙiyan Katagum na yau da kullum 'yan baka ne. Sai a ƙarshen ƙarnin lissafi ya sauya gaba ɗaya. Rabe ya ci Kukawa a 1893 da sojoji masu bindiga da horo, ya kafa fadarsa a Dikwa, iyakar gabas ta kwana cikin zullumi har aka kashe shi a Kusuri a 1900. A Omdurman, safiya ɗaya ta 2 ga Satumba 1898 ta cinye mayaƙan Mahadi wajen dubu goma. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, a ƙarshen watan kuma dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa sahun sojan Ingila a Kwatarkwashi har shi Wazirin ya kwanta. Katagum ta bi ba tare da an gwabza ba. Haɗeja ta ƙi, aka shige ta da igwa a Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya rasu a cikin faɗan. Daga nan babu maɗinkin da ya sake zama yana auna kaurin ciko da tsinin kibiya.

Abin mamaki, waɗanda suka kashe amfanin lifidi su suka buɗe masa sabuwar kasuwa. Turawan mulki sun ƙaunaci ganin dawaki a jere, suka aro al'adar taron sarakuna daga Indiya suka aura mata hawan Sallah na gida. An yi babban taro a Kano ran 1 ga Janairu 1913, an yi wa Yariman Ingila a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabet a Kaduna a 1956, Nijeriya mai 'yanci kuma ta yi nata a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Can Dosso ta Nijar da fadojin lamiɓe na arewacin Kamaru ma, mahaya masu lifidi na fitowa ranakun biki. A duk waɗannan wurare ba wanda ke harbin kowa, sai masu hoto.

Ita masarautar Katagum a wannan tsakani ta sauya mazauni. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka dawo da fada Azare, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da tsohon birnin, bayan shekara goma kuma aka cire ƙasar daga lardin Kano aka haɗa da na Bauchi. Birnin Malam Zaki, wanda aka gina don tsaron iyaka, ya koma garin hakimi a bakin kogi. Dawaki da tambura da kayan hawa suka bi sarki sabon gida, inda Umaru Faruƙu ya gaji sarauta a 1947, Muhammadu Kabir Umar a 1980, ɗansa Umar Faruƙ na biyu kuma a 2017.

Sana'ar allura ita ma ta sauya kama. Keken ɗinki yana zuba a minti ɗaya layin da hannu ke wuni a kai. Yadin kanti ya kori saƙar gida daga yawancin aiki, zaren masana'anta ya zo da launukan da marina ba ta taɓa mafarki ba, katifar soso kuma ta ture ta rimi daga ɗakin amarya. Amma hawa uku da ɗinki a tsakani bai bar ƙasar ba. Yana nan a zubukar da ake shimfiɗa wa doki ƙarƙashin sirdi don kada bayansa ya yi miki, wato kusan ainihin abin da kalmar Larabcin ke nufi tun farko. Yana nan a matasan kai da shimfiɗun jarirai da bargunan sanyi da ake fitarwa in hunturu ya sauko.

Abin da ya juye shi ne jerin tambayoyin. Da, mai ba da aiki zai fara da kauri da ƙarfin ɗinki, launi ya biyo baya. Yau launi ke gaba: wane yadi ne zai fito a kan akawal, wanne zai dace da kili ko gunya, yaya zai zauna da jalala da bishiri da rigunan zagage, kuma yaya zai haska a hoton waya. Nauyi kuwa yanzu abin gudu ne, tunda ba kibiyar da za a tare, sai zafin rana da doguwar tsayuwa a ƙofar fada.

Ranar hawa a Azare, in tambari ya yi ƙara, algaita ta ɗauka, 'yan bindiga suka cika sama da hayaƙin albarushi, masu lifidi na wucewa a hankali cikin ayarin, dawakinsu na taku ɗai-ɗai ƙarƙashin kaya, bindiga da lifidi a sahu ɗaya. Da la'asar ta yi, a barga ake ƙarasa aikin. Mutum biyu su kama, su sauke kayan daga bayan doki jiƙe da gumi, su shanya a kan katanga ya sha iska. Inda ɗinki ya saki ciko ya leƙo, wani dattijo ya jawo basilla ya tura shi ciki da babban yatsa, ya kama bakin da suka huɗu ko biyar. Sannan a naɗe, a ɗaga sama inda gara da ɓera ba za su kai ba, sai wata Sallar.